Gadon da Ya Fi Ƙofa

...kuma ba ƙin biya ya yi ba. Abin da kafintan ke ta nanata wa kansa ke nan, yana tsaye a ɗakin kwanansu da tef ɗin awo a hannu. An jima dillali zai kawo masu sayen gidan. Wata ɗaya bai taɓa tsallake biyan bashin banki ba. Gidan bai ƙara ɗaki ba, bai ƙara ko taga ba — amma abin da banki ke cira duk wata ya kumbura, ya sake kumbura, har ya fi ƙarfin abin da shago ke kawowa.

Matar bankin ta yi masa bayani, da muryar nan tasu mai sanyi. Bankuna ma suna ranta wa junansu kuɗi, yallaɓai. Idan kuɗin ruwan da suke ɗora wa juna ya hau, naka ma ya hau, tunda da shi aka ɗaure bashin gidanka. Aka ɗaure... kamar akuya a bayan mota, inda motar ta nufa can za ta.

Banki da cin bashi? Shi da ya ɗauka a can kuɗi ke haihuwa. Ashe su ma da aro suke kwana, kuma ranar da suka fara zargin juna sai wani kafinta ya rasa gidansa. Ya san su? Ya taɓa shan ruwa a gidansu? Yana neman haushi a ransa, haushin ya ƙi zuwa. Ai shi ma haka yake yi — mai katako ya ƙara masa kuɗi, shi ya ɗora wa mai kujera, har da murmushi, wallahi ba daga ni ba ne. Yau dai an miƙo masa, ya waiga, babu kowa a bayansa.

Gadon...

A cikin ɗakin nan ya haɗa shi, makon da suka tare. Matarsa na zaune kan bokitin fenti da tsohon ciki, tana tsokanarsa, malam, gado kake yi ko jirgin ruwa? Noti ko ɗaya bai sa ba. Noti na 'yan haya ne. Ya gaji da kwance gado a ɗaure a mota, a sake kwancewa, har ramukan su zaizaye, mutum ya juya cikin barci maƙwabta su ji. Wannan kam katako ya shigar cikin katako, ya bi da gam, ya matse. Abokan sana'a har zuwa kallo suka yi. Ya bubbuga shi ya ce musu sai dai ginin ya rushe ya bar shi.

Matarsa ba ta yi kuka ba da ya ce sai an sayar. Ta ci gaba da ninke kayan yara. Kantocin kicin, ƙofar da ya sassaƙa, duk ta ce a bar wa masu sayen. Da safen nan ne kawai, ba ta ko dube shi ba: "Gadon dai da shi za mu tafi." A kansa ta yi jegon yaran duka. A kansa mahaifiyarta ta yi jinyar ƙarshe. Ya ce to. To ɗin me? Bakinsa ne ya riga shi.

Yana auna faɗin gadon. Yana auna ƙofa. Ya san amsar tun kafin ya ja tef — shi ya yi gadon, shi ya kafa ƙofar. A karkace? A tsaye? Allon kai zai tokare. Taga kuwa ƙarfe ne. Saura zarto... a ina zai yanka? Yana shafa mahaɗar da yatsa, yana neman inda ya yi sakaci, ko wuri ɗaya. Babu. Aikin ya yi kyau. Bai taɓa jin takaicin iya aikinsa ba sai yau.

Mota na tsayawa a waje, ga muryar dillali yana yabon unguwa. Daga kicin matarsa ke tambaya, hankali kwance, "Zai fita, ko?"

Tef ɗin ya zame daga yatsansa, ya koma gidansa da ƙara. Ya gaji. Yana zama a bakin gadon... ko ƙis gadon bai yi ba.