Kwaɗo a Ɗakin Ɓeraye

Tun daga matakala Nélida ta ji ɗakin ya yi tsit, ba kamar yadda ta saba ji ba. A saman rufin gidansu a birnin Arequipa ita da mijinta Wilber suke kiwon fararen ɓeraye, suna kai wa masu ajiye macizai a gida don abincin macizan. Kowace uwar ɓera da 'ya'yanta suna cikin robarsu ta daban, mazan kuma can gefe.

Ta tura ƙofa. Robobin duk suna kife. An zagaye tsakar ɗakin da katako, an baza ɗanyar ciyawa, ɓerayen gaba ɗaya suna ciki, maza da mata. Mahaifiyarta, Fortunata, tana tsugune a gefe, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Mama, me kika yi?"

"Sakinsu na yi su sha iska. Ya za a kulle rai shi kaɗai a roba kamar gishiri?"

Nélida ta gane. A ƙauyensu na kan dutse, haka Mama ta yi kiwon kuyi, dabbobin nan masu kama da ɓera da ake soyawa ranar biki. Duk a ƙasan madafa suke yawo tare, kuma ɗan kuyi da gashinsa ake haifarsa, yana faɗowa yana gudu. Ɗan ɓera kuwa tsirara yake zuwa, ido a rufe, kuma namijin da bai san shi ba kashe shi yake yi.

Nélida ta durƙusa tana ɗaga ciyawa. Jajayen 'ya'yan suna warwatse, wasu an cinye rabinsu. Wata uwa tana ta zagaye da gawar ɗanta a baki, ta rasa inda za ta ajiye.

Wilber ya hau, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, Mama. Yau ke kika ciyar da su da naman 'ya'yansu."

"Wilber, don Allah," in ji Nélida.

Ya ja ta waje, ya rage murya. "Jiya ta ba su miyar dankali, yau ga wannan. Ko kwaɗo ya hau ƙofar nan, ko ta koma Ayaviri. Zaɓi ɗaya."

Ayaviri, can garinsu, inda Mama ta faɗi a bakin murhu bayan rasuwar Baba, sai da maƙwabciya ta ji kuyi suna kukan yunwa sannan aka gan ta. Nélida ta yi ta lallashi kafin ta yarda ta biyo ta birni. Tun zuwanta Mama ba ta iya barci sosai, ba ta son talabijin, ba ta san kowa ba. Ɗakin nan ne kaɗai wurin da Nélida take jin ta tana 'yar waƙa.

Tare Nélida da Mama suka mayar da iyayen robobinsu. Mama ta tsinto ɗa guda mai sauran numfashi, ta sa shi a tafin hannu tana hura masa iska.

"Zai rayu, 'yar nan?"

"Wataƙila."

"In ya rayu, maciji za a ba?"

Nélida ta karɓe shi ta tura ƙarƙashin wata uwa.

Washegari da hantsi Nélida tana shanya a saman rufin, sai ga Mama ta hauro a hankali, rungume da damin ciyawar da ta sayo a kasuwa. Ta isa ƙofar, ta ga kwaɗon. Ta taɓa shi da yatsa ɗaya. Makullin yana aljihun Nélida, tana jin sanyinsa a cinyarta, ta ci gaba da matse rigar da ta riga ta matse.

Mama ta ajiye ciyawar a ƙasa, ta gyara hularta.

"Nélida," ta ce, "motar Ayaviri, har yanzu a tsohuwar tasha ake hawa?"