Jan Littafi a Baƙar Leda

A wurin mai niƙa zancen ya riski Madam Bara'atu, inda ta kai geronta da kanta domin ba ta yarda da awon kowa ba. Wai Mushe Fadilu, wato Malam Fadilu, diraktan lakwal, makarantar unguwarsu, ya sayar da ƙamusoshin da baƙin Yamai suka kawo wa yara. Wai Damagaram ya aika da su, a cikin buhun gawayi. Habsu mai sayar da fura ce ke faɗi, muryarta ta danne ta injin, sauran matan suna taya ta da girgiza kai. Madam Bara'atu ta jira injin ya yi shiru, ta tambayi wanda ya ga buhun da idonsa. Aka ce mata ai kowa ya sani. Ta ce to, ta ɗaura ƙullin garinta a ka, ta fita.

Ta daɗe tana jin abin da kowa ya sani. A wannan lakwal ɗin ta koyar har gashinta ya yi fari, ta riƙe ta kuma kafin ta ajiye alli, kuma rabin magidantan unguwar ta taɓa murɗe musu kunne. A iya saninta, abin da kowa ya sani a garinsu Gure yakan zama abin da mutum ɗaya ya faɗa da ƙarfi.

Su baƙin dai ta gan su. Wata ƙungiya ce ta likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, waɗanda sukan haɗu su ci abinci lokaci lokaci, idan sun ƙoshi su yi shawarar wanda za su taimaka. A bana shawarar ta faɗo kan 'yan ajin ƙarshe na Gure. Suka zo da motoci masu sanyi, aka kafa rumfa, aka yi jawabi a kan ilimi da duhun jahilci har rana ta take. Aka miƙa wa kowane yaro jan ƙamus na Faransanci mai kaurin tubali, aka ce ya yi murmushi, aka ɗauki hoto. Da motocin suka tafi, Mushe Fadilu ya karɓe littattafan ya mayar cikin kwalaye, ya ce zai buga musu hatimin lakwal. Daga ranar babu wanda ya sake ganin ko ɗaya a hannun yaro.

Yanzu Abarshi, shugaban kwamitin iyaye, ya kira taro ranar Asabar da la'asar. Niyyarsu su tafi wurin sufeton makarantu su ce a ɗauke musu diraktan. Fadilu kuwa yaro ne ɗan wajen Gaya, ba shi da kowa a Gure sai mai ba shi hayar ɗaki, kuma wannan ce lakwal ta farko da aka damƙa masa. Madam Bara'atu ta san aikin. Diraktan da aka ɗauke da sunan sata, ko a bayan Tasker can cikin hamada aka jefa shi, sunan zai riga shi isa.

Ta fara da kasuwa. Ɗan Kasuwa, mai teburin kaye, wato littafin rubutu, da alli da biro, ya saurare ta yana kaɗa ƙuda. Ya ce in dai har Mushe ya samu mai sayen ƙamus kwali guda, to don Allah ya haɗa su, domin shi ma yana da biyu a tebur tun zamanin da take dirakta. Ya nuna mata su. Rana ta cinye launinsu, ɗaya yana danne kaye kada iska ta ɗauke, ɗaya yana tokare ƙafar tebur. A tasha kuma direbobin Damagaram suka ce rabonsu da ganin Mushe tun buɗe lakwal, kuma mai aika gawayi ba ya ɓuya, domin kowa a motar sai ya sauka da shaida a rigarsa. Ta yi musu godiya. A ranta ta ce wannan bai wanke kowa ba, ya dai nuna cewa buhun ba shi da mai gani.

Ta iske Fadilu a ofishinsa, ya rame, yana gyara kaye da jan biro. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa, wadda dā tata ce, ta kuma lura har yanzu ba a gyara ƙafar kujerar ba. Ya ce mata wallahi ya raba su duka. Bai ba yaran a hannu ba domin a inda ya koyar dā, yayyensu 'yan koleji ne suke ƙwacewa tun a hanya. Shi ya sa ya ga iyaye mata sun fi riƙon amana, ya damƙa musu. Da zancen sata ya tashi, ya tsaya gaban matan ya roƙe su su faɗi gaskiya, kowacce ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Ya ce wa yara su tambayi iyayensu, suka dawo suka ce an ce da su wane littafi.

"Nuna mini yadda ka ba su, ɗana," in ji ta. "Ka ɗauka ni ce Habsu."

Ya jawo wata baƙar leda daga aljihun tebur, irin ta mahauta, ya sa kaye a ciki ya ƙulle bakin. Ya je ya tura ƙofa, ya ce saboda hayaniyar aji ne. Ya dawo ya miƙa mata da hannu biyu, ya rage murya.

"Mama, ga wannan. Ki adana shi da kyau, kada ya shiga hannun kowa."

Ta riƙe ledar tana dubanta. Ta tambaye shi ko duk a rana ɗaya ya kira su. Ya ce a'a, ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya samu, don kada a yi cunkoso. Mai shela fa? Bai ga amfaninsa ba. Ya sa sun dangwala yatsa? Ya ce ya ga rashin kunya ne ya sa matan da suka haife shi dangwala yatsa a kan kyauta. Madam Bara'atu ta ce lallai an ba shi tarbiyya, ta mayar masa da ledarsa.

A hanyar gida ta yi ta juya abin. A Gure, abin da yake na kowa a tsakar rana ake raba shi. Gidan sauro, irin shuka, hatsin agaji, duk sai mai shela ya zaga, a yi layi, a yi faɗa, wata ta koma gida da yagaggen mayafi. Da haka ake gane rabo ne. Abin da kuwa aka ba mace a baƙar leda, a bayan rufaffiyar ƙofa, da ƙaramar murya, wannan alheri ne da aka yi mata ita kaɗai, kuma mai mutunci ba ta tallarsa, ko ga mijinta, balle idan mai bayarwar saurayi ne. To idan ta wayi gari ta ji sauran ba su samu ba, ana kuma kiran mai bayarwar ɓarawo, abin da ke ƙasan adakarta ya zama kayan sata ke nan. Mai kayan sata a ɗaki kuwa ba ta da mafaka da ta wuce ta fi kowa ɗaga murya a wurin niƙa.

Sai dai wannan zato ne, kuma Madam Bara'atu ba ta ba zatonta matsayin da ya fi na Habsu ba. Ga shi kuma ba a shiga ɗakin mace a ce ta buɗe adaka. Ko sufeto bai isa ba.

Ranar Juma'a aka yi suna a gidan Kaltumi, maƙwabciyarta, matan unguwa duka suka hallara. Aka ba Madam tabarma a inuwa da kwanonta daban. Da aka ci aka sha, zance ya koma kan diraktan kamar yadda ta sani zai koma. Ta bari ya yi nisa, sannan ta ce ita kam tausayin wanda ya sayi littattafan take ji. Aka tambaye ta dalili.

Ta ba su labarin shekarar da take koyarwa a Kelle, aka ba ta sababbin littattafai, ta ga sun yi kyau da yawa, ta sa su a ƙasan adaka tare da zannuwan aurenta. Ba ta buɗe ba sai da Sallah ta matso. Ta ce gara tana jin ƙanshin ƙaron da ake manne sabon littafi da shi kamar yadda mage ke jin kifi, kuma idan ta gama da littafin ba ta komawa gida, sai ta wuce kan atamfa, ta bi leshi, ta ƙarasa da ɗan kwali. Ta ce abin da ta samu a adakar ranar nan, in ban da kwaɗon, ƙasa ce. Labarin gaskiya ne, ta dai ƙara yawan zannuwan.

Can Habsu ta gyara zama.

"Madam, ko da littafin yana cikin leda?"

"Leda ta fi muni. Tana sa shi gumi."

"Ni dai don ƙaruwa na tambaya," in ji Habsu.

"Na sani. Tun kina aji uku kike da son ƙaruwa."

Wata daga baya ta tambayi magani, ita ma don ƙaruwa. Madam Bara'atu ta ce babu wani magani sai rana. A fitar da komai tun da hantsi a shanya, littafin kuma a cire shi daga leda a ɗora shi a wuri mai tudu, nesa da tufafi, ya sha rana sosai. Daga nan ta roƙi a ƙara mata miya. Sunan ya watse da wuri, mata da dama suka tuna sun bar tukunya a wuta.

Ranar Asabar da hantsi ta aika aka kira mata Abarshi. Ta ce likita ya umarce ta da hawan tudu saboda gwiwa, kuma tana bukatar hannun da za ta dafa. Abarshi yana da shago da jikoki da taron da zai shugabanta da la'asar, amma ita ta koya masa rubuta sunansa, don haka ya zo. Suka bi ta bayan lakwal suka hau tudun rairayin da ke kallon unguwar, tana tsayawa tana hutawa, shi yana ba ta labarin yadda amana ta ƙare a zamanin nan. Ya ce a lokacinsu malami ko allin lakwal ba ya kaiwa gida. Ta ce ta tuna, yara ne suke kaiwa.

A ƙwanƙolin tudun ta zauna ta miƙe ƙafafu. Daga nan ana ganin cikin gidaje kamar an buɗe kwanuka. Unguwar ta yi ado irin wanda ko da Sallah ba ta yi. Atamfofi a kan danga, leshi a kan igiya, mayafai a kan reshen bedi, adakoki a buɗe sun yi hamma a tsakar gida. Kuma a gida bayan gida, can gefe, nesa da tufafi, akwai wani jan abu mai kusurwa huɗu yana shan rana. Wani a kan kifaffen turmi, wani a kan rufin rumfar awaki, wani a bakin rumbu. Na Habsu yana kan akurkin kaji, an ɗora masa dutse. Kowace mace tana tsaye kusa da nata, ta juya wa katangar maƙwabciya baya.

Abarshi ya bi gidajen da ido daga gabas, leɓɓansa suna motsi, har ya zo kan wani gida mai shuɗiyar ƙofa da bishiyar dabino guda. Nan ya daɗe. Matarsa A'i tana kakkaɓe wani zane da shi ya saya mata, jan littafin kuma yana kan buhun kanwarsa.

"Wancan gidan wa ne?" in ji Madam Bara'atu. "Idona ba ya kaiwa."

"Madam, mu sauka. Rana ta yi zafi."

"Likita ya ce in daɗe."

Suka daɗe. Da suka tashi sauka, ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, yadda za a yi da taron, tunda an riga an sayi sukari da ganyen shayi. Ta ce a sha shayin.

Aka yi taron da la'asar, aka sha shayi, aka tattauna yadda awaki ke shiga filin lakwal suna cin 'yan itatuwan da aka dasa. Aka daɗe a kai, har aka kafa ƙaramin kwamiti. Babu wanda ya ambaci sufeto. Mushe Fadilu, wanda ya zo da wankakkiyar riga da jawabin kare kai a bakinsa, ya zauna har ƙarshe yana jiran a kira shi, ba a kira shi ba. Da za a tashi, Abarshi ya ce af, ya kusa mantawa, mai shela zai zaga gobe ya sanar cewa littattafan baƙi rabo ne na kowane ɗan ajin ƙarshe, kowa ya zo da nasa ranar Litinin. Habsu ta ce ai dama ita ta san yaron nan ba shi da fuskar ɓarayi.

Ranar Litinin Madam Bara'atu ta sa aka kai mata kujera ƙofar lakwal. Duk yaron da ya zo wucewa sai ta karɓi littafinsa, ta duba hatimin, ta bi gefen takardun da babban yatsa, ta mayar masa.

Fadilu bai sayar da ƙamus ko ɗaya ba. Duka suna Gure, a adakokin iyayen yaran suka yi watannin nan, kuma in ban da shafin da ya buga wa hatimi, babu wanda aka taɓa buɗewa.