An Mayar wa Saje Kuɗinsa

Saje Delmar Pruitt bai gama zama ba ya tura wa matar da ke bayan teburin katinsa na tsohon soja, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Ba ƙorafi na kawo ba," in ji shi. "Jibi za a yi mini aiki a zuciya. So nake ki duba mini, in ta Allah ta kasance, kada a wahalar da Lorene kafin ta fara karɓa."

Misis Gaskins, wadda ta daɗe tana fama da mu tsofaffin sojoji a ofishin 'yan fansho na bariki, ta gane nufinsa. Duk wanda ya ajiye kaki da iyali ya san tsarin: kowane wata a yanki wani abu a fanshonka, ranar da ka mutu matarka ta ci gaba da karɓar rabonta har ƙarshen ranta.

"Lorene matarka ke nan?" ta tambaya, idonta a kan kwamfuta.

"A da."

"A da kuma?"

"Mun rabu. An kai shekara biyar."

Ta zare tabarau. "Ka sanar da mu?"

"In sanar da me? Da ita na rabu, ba da gwamnati ba. Ban ce a daina cira ba, kuma ba a daina ba."

"Wayyo, Saje." Ta jingina da kujera. "Ranar da alƙali ya raba auren, ranar sunanta ya faɗi. Doka ta ba ku shekara guda, ko kai ko ita, ku zo a mayar da shi da sunan tsohuwar mata. Wannan shekarar ta wuce tuntuni."

"Amma ana ta cira!"

"To ai nan ne daɗin labarin. Duk abin da aka cira tun daga ranar za a mayar maka. Ka je ka sayi kwalekwalen kamun kifi kamar sauran tsofaffin."

Delmar bai taɓa son kifi ba. Mutum ne da magana ke masa wuya kamar cire haƙori. Mun yi shekaru muna shan kofi tebur ɗaya da shi a ƙungiyar tsofaffin sojoji, ba wanda ya san kalar ɗakinsa. Amma farkon kowane wata yakan buɗe takardar fansho ya nemi layin nan da ake cira, ya dube shi, ransa ya yi sanyi. A ganinsa muddin layin na nan, akwai sauran abin da ya haɗa shi da Lorene. Ashe duk shekarun nan shi kaɗai yake riƙe da igiyar.

"Ba wata hanya?" ya ce.

"Sai dai ka sake aurenta," in ji Misis Gaskins tana dariya. Da ta ga shi bai yi ba, ta haɗiye tata.

Ya fito da tsakar rana, iskar Oklahoma na neman raba shi da hula. Ya tuƙa tsohuwar akori-kurarsa ya wuce ƙofar bariki, ya wuce shagunan aski da na jingina da masu sayar da mota bashi. A hanya ya yi ta jera maganar a ransa. Auren takarda ne kawai, zai ce mata. Ba sai ta dawo ba. Ba sai ta dafa masa ko ƙwai ba.

Shagon Lorene na tsakanin gidan wanki da wani mai gasa haƙarƙari. Aikinta ɗinka sunaye da anini a kakin sojoji. Ya same ta a kan keken ɗinki, allura a baki.

"Kai! Yau kuma wa ya mutu?" ta ce. "Dubi yadda ka zube, Del. Har yanzu miyar gwangwani kake ci a tsaye?"

"Ina zama wani lokacin."

"Ci gaba ya samu. Ɗauke kayan can ka zauna."

Ya zauna. Ya gaya mata batun ofis, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yi ɓarna. Bai ambaci asibiti ba. Ya bar wannan da maganar auren sai ƙarshe. Ita ko ƙafarta ba ta ɗaga daga keken ba.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Tun lokacin lauyata ta gaya mini. Har takardar ta cika, sa hannu kawai ya rage. Na ce ta bar shi. Na ɗauka kai ma an daina cire maka."

"Don me, Lorene? Haƙƙinki ne!"

Sai a nan ta tsayar da keken. Ta cire allurar ta soke a wuyan rigarta.

"Ka san me nake yi duk sanda aka tura ku yaƙi? Mota ba ta tsayawa a layinmu ban leƙa ta labule ba, in ga ko mutum biyu ne cikin kakin fita, masu kawo saƙon mutuwa. Sun taɓa tsayawa daidai ƙofarmu, Del. Ashe gidan maƙwabciyarmu Darlene suke nema. Ni na nuna musu, na koma ciki ina gode wa Allah, ina jin kunyar kaina." Ta ja numfashi. "Fiye da shekara ashirin ina jiran mutuwarka. Ka dawo, ka shige gareji ka yi shiru, na ci gaba da jira, ban ma san me nake jira ba. Da na tafi, barci na samu. Kuɗin da sai ka mutu za su zo, ba na so. Na gama wannan jiran."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi masa ciwo. Ya ajiye maganar auren da ya jera a mota.

"Ka karɓi kuɗinka ka sayi katifar kirki," ta ce. "Wani abu ne kuma? Na ga bakinka na motsi."

"A'a. Shi ke nan."

Ta naɗe masa rabin burodin masarar da ta zo da shi, ta gyara masa kwalar riga kamar yadda ta saba, ta koma kan keke.

Yana zama a mota wayarsa ta yi ƙara. Wata ma'aikaciyar asibiti ce, murya fes, tana tuna masa kada ya ci komai daren gobe.

"Sai abu ɗaya, yallaɓai. Ba ka ba mu sunan wanda zai zauna ya jira ka ba, wanda likita zai fito ya yi wa bayani."

Ta gilashin shagon yana hango Lorene. Ta kunna rediyo, kanta na ɗan rausaya, tana ɗinka sunan wani a ƙirjin kaki. Ko sau ɗaya ba ta ɗago ta dubi titi ba.

"Yallaɓai? Kana ji na?"

"Ina ji," in ji Delmar. Burodin na nan a cinyarsa. "Ki bar wurin haka. Ba mai jira."

Ya tayar da motar a hankali, don kada ƙarar ta sa ta leƙo.