Ɗakin da Zarami Ya Gina a Kan Jigawa

Zarami bafataken goro ne daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja. Yana Ankara, can ƙasar Gwalkwas, shekarar da ƙasa ta girgiza, ana gab da fara yaƙin duniya na biyu. Masaukinsu yana gefen wani tafki, inda aka cike fadama da yashi aka yi gini. Bango ya faɗo wa ƙanensa Shu'ibu, bai kwana ba ya cika.

Bayan jana'iza Zarami ya kasa zama wuri ɗaya, ya riƙa yawo cikin gari. A nan ya lura gidajen kan tudu mai tauri yawanci tsagewa kawai suka yi, na ƙasa mai laushi kuwa sun zube.

Da ya dawo gida ya ƙi shiga soronsa. Gidan yana kan baƙar laka, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ga rufin ƙasa mai nauyi bisa azara. A tsakar gida yake shimfiɗa tabarma. 'Yan uwa suka yi ta ba shi baki, suna cewa tun kakanni ba a taɓa jin ƙasa ta motsa a nan ba. Ya ce ya yarda, amma ƙafarsa ce ta ƙi.

Matarsa Binta ba ta yi masa gardama ba. Da ruwan farko ya jiƙe shi sharkaf, ita ce ta je wurin Bakari magini.

Bakari ya zo ya saurari labarin Ankara daga bakin Zarami har ƙarshe. Ya ce shi bai san girgizar ƙasa ba, amma ya san laka. Suka hau jigawar bayan gari suna haƙa, har suka sami jar ƙasa mai tauri a ƙarƙashin yashi. Nan aka kafa tushe mai faɗi, bango gajere, aka rufa da ciyawa.

"Ko wannan ya faɗo, ƙura kawai za ka sha," in ji Bakari.

Zarami ya daɗe a bakin ƙofa kafin ya shiga.

Ƙasa ba ta girgiza ba har ƙarshen ransa. Ruwa dai ya yi wa Binta nisa, kullum tana hawan jigawa da tulu tana mita, sai da Zarami ya sayo jaki ya karɓi ɗaukar ruwan da kansa.