Manhajar Auta a Shagon Kawu

Ƙanwata Auta ta rubuta manhajar koya wa yara karatu, amma babu mai saye. Na raka ta shagon Kawu, mai gyaran kwamfuta, ko zai tallata mata.

Kawu ya zaro faifai mai ɗauke da kwafin manhajar yana murmushi. "Ai ta riga ku zuwa, 'yata. Duk wanda ya kawo gyara, kyauta nake zuba masa ita."

Raina ya ɓaci. Na fara faɗa a kan satar fasaha, yadda take kashe masu basira a ƙasar nan.

Kawu ya ce, "Malam, taka kwamfutar wa ya cika ta da manhajoji kyauta?"

Auta ta dube ni, na sunkuyar da kai. Washegari ta fita neman aikin buga takardu.