Ɗakin Ramar Nafi'u

Zazzaɓin damina ne ya kama ni, irin wanda ke sa mutum rawar ɗari da tsakar rana har haƙora su riƙa karo da juna. Tun hantsi kuma ake tsuga ruwa. Ɗana Nafi'u da matarsa Basira sun tafi gaisuwar mutuwa, gidan daga ni sai 'yarsu Walida, takwarata, wadda nake yaye. Na lulluɓa da bargo, na ƙara da zannuwa, a banza, sanyin daga cikin ƙashina yake fitowa. Sai na tuna da ɗakin ƙurya.

Ɗakin nan da can na ajiyar hatsi ne. Bara Nafi'u ya share shi, ya toshe tagogin, ya manne bangon da takarda mai ƙyalli, ya rataya fitilu masu wani haske ja-ja shuɗi-shuɗi, ya jera bokitai ya shuka abin da ya ce mini rama ce ta ƙasar waje, wai ba ta son rana, ba ta son idon mutane. Sau ɗaya na taɓa leƙawa. Na ga ganye mai yatsu, na ce lallai rama ce, sai dai ta fi tamu yanga. Da na ce zan tsinka in yi mana kwaɗo, yaron nan saura ƙiris ya faɗi. Ya ce kada in kuskura in sake shiga. Ni kuwa abin da na riƙe daga leƙen nan shi ne ɗakin ɗumi gare shi kamar na mai jego.

Ya kulle ƙofar da kwaɗo biyu, amma makullan suna ƙarƙashin turmi, inda yake zaton ban sani ba. Na saɓi Walida da tabarma muka shiga. Ɗumi kam akwai, amma wata fanka a cikin ramin bango ta cika ni da ƙara, tana zuƙar iskar ɗakin tana fitarwa, sanyin waje kuma yana kutsowa ta ƙasan ƙofa. Mu yadda aka rene mu, mai zazzaɓi ba ya shan iska. Na zare wayar fankar, na cusa tsohon zanena a ramin, na toshe ƙasan ƙofa da buhu. A lungu akwai wata doguwar tukunyar ƙarfe irin ta masu walda, da siririn tiyo a bakinta, tana ta ɗan huci. Ban kula ta ba. Na shimfiɗe Walida a tabarma a ƙasa don kada ta mirgino, ni kuma na hau wani dogon benci na miƙe. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Idona ya yi nauyi, hasken fitilun ya fara narkewa yana gangarowa ta bango.

Sai ga ni a tsakiyar wata gona wadda ba ta da iyaka. Sama launin makuba, rana ba ɗaya ba, ga su nan a jere a cikinta kamar an shanya su a igiya, ko wacce na haske babu mai zafi. Ba iska, ba tsuntsu, ko ƙuda babu. Ramar nan ta yi tsawo ta wuce giginya, ganyenta kuma hannaye ne, hannayen mutane kore shar, a tsakiyar ko wane tafi akwai ɗan baki yana buɗewa yana rufewa.

Suka rusuno gaba ɗaya suka gaishe ni da Inna, kamar yadda Nafi'u ke kirana. Na ce su wane ne da za su ce mini Inna. Suka ce ai su ma 'ya'yan Nafi'u ne, har sun fi Walida ganinsa, don kullum da asuba su yake fara dubawa. Raina ya ɓaci. Na ce rama dai rama ce, ko ta Makka ce a tukunya za ta ƙare.

Suka yi dariya, dariyar da ba ta da sauti, sai karkarwar yatsu.

“Inna, an taɓa kulle rama da kwaɗo biyu?” in ji wani hannu da ya sauko daidai fuskata. “Mu ba a dafa mu. Naɗe mu ake yi a takarda, a bayan tasha, a kunna mana wuta.”

Na san warin, ashe tun bara hancina ya san shi, ni ce na hana shi magana. Wiwi. Wiwi a ɗakin da mahaifin Nafi'u yake tara geronsa a da, a gidan da ake kirana Hajiya. Na so in yi salati, bakina ya buɗe amma abin da ya fito numfashi ne kawai, sai na ga hannayen nan sun yi caa a kansa suna wawaso. Suka ce in ƙara, abin da nake fitarwa shi ne abincinsu. Na rufe bakina da mayafi na juya da gudu, gudun da ƙafa ke ɗagawa amma ƙasa ba ta matsawa.

Gonar ta naɗe kanta kamar tabarma, na tsinci kaina a bakin wata rumfa. Wata doguwar mace ce zaune, jikinta na ƙarfe, ba ta da fuska sai wani ɗan agogo a inda ya kamata ido ya kasance. Tana riƙe da ludayi, tana ɗibar abin da ba a gani daga cikinta tana kwarara wa hannayen, su kuma suna ta ƙiba a gabana. Abin da ya zube daga ludayin ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasa. Ban gan shi ba, amma na ji shi a idon sawuna, mai nauyi, yana hawowa sannu a hankali.

Na tambaye ta me take rabawa haka. Ta ce iska ce, amma ba irin ta masu rai ba, irin wadda masu rai suka gama da ita suka tofar. Nafi'u ya sayo ta a cike don 'ya'yansa su yi saurin girma. Na ce to ai ya isa haka, ta tsaya mana, ba ta ga sun ƙoshi ba?

“Ni an ce in zuba,” in ji ta. “Ba a ce in duba wanda ya shigo ba. Mai kwashe ragowar yana can, ki tambaye shi abin da ya hana shi aiki.”

Ta nuna da ludayin. Can jikin wani bango da ke tsaye shi kaɗai a fili, wani tsoho ne a maƙale cikin rami, hannuwansa uku a baje, duk sun sandare. An cusa masa tsumma a baki har kumatunsa sun kumbura. Idanunsa kaɗai ke motsi, suna bina. Na matsa ina cewa wane marar imani ne ya yi wa dattijo haka. Sai na ga zanen. Atamfata ce mai hoton tattabaru, wadda gefenta ya ƙone a murhu.

Ni na cusa shi da hannuna. Na kai hannu in zare, hannun ya ƙi ɗaguwa, kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Tsohon bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kallona kawai yake yi, sannan ya sauke idonsa ƙasa, ya sake ɗagowa, ya sake saukewa. Na bi idonsa da kallo, sai ƙasar da nake tsaye a kai ta buɗe baki ta zama rijiya.

A bakin rijiyar mahaifina ne tsugune, Allah ya jiƙansa, da ɗan wandonsa na aiki da jar laka har gwiwa. Haƙar rijiya ita ce sana'arsa har ya bar duniya. Bai tsufa ba, ni ce na tsufa, na girme shi nesa ba kusa ba, amma ina ganinsa na koma yarinya. Na ce Baba, ka ga abin da jikanka ya shuka mana a gida? Bai ko ɗago ba. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba.

Ya kunna 'yar fitilar aci-balbal ya ɗaura mata igiya, ya fara zura ta cikin rijiyar kamar yadda yake yi kafin ya shiga tsohon rami. Muka leƙa tare. Daga sama harshen wutar tsaye yake. Da ta yi ƙasa ya rage tsawo, ya koma kamar ƙwayar gero, ya yi shuɗi. Ba wanda ya hura, ba ruwan da ya taɓa ta. Ta mutu.

“Irin wannan iskar ba ta da wari, Dije,” ya ce, ya kira ni da sunan da rabona da jin sa tun yana raye. “Ba ta shaƙe mutum da faɗa, lallashinsa take yi ya yi barci. Kuma daga ƙasa take fara cika.”

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni.

“Ke kina kan benci. Wa kika kwantar a ƙasa?”

Na leƙa. A can ƙarshen rijiyar, inda fitilar ta mutu, tabarmata ce a shimfiɗe. Walida na kwance a kai da ɗan yatsanta a baki, 'yar mitsitsiya, cikinta na ɗagawa da sauri da sauri kamar na ɗan tsako. Hannayen nan kore sun kewaye ta ta ko ina suna jira.

Na yi kukan kura zan faɗa ciki, Baba ya riƙe ni ta wuyan riga. Ya ce ba sauka zan yi ba, tashi zan yi. Na ce ai a tsaye nake. Ya ce a kwance nake. Kuma gaskiyarsa, don a daidai lokacin wani barci mai zaƙi ya lulluɓe ni, irin wanda ban taɓa ji ba tun ina goye, wata murya na ce mini in ɗan ƙara kaɗan, yarinyar ma ai barci take yi, zazzaɓin ma ya sauka. Ina kallon jikata a ƙasan rami ina hamma. Wannan abin har gobe in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Baba ya kama kunnena ya murɗe, murɗar da ba ta da tausayi ko kaɗan, ya kai bakinsa ciki ya daka mini tsawa da sunana.

Na faɗo daga kan bencin, kunnena ya bugu da bakin bokiti. Kaina kamar ana sara shi da gatari, zuciyata na dukan uku-uku, ina jan numfashi amma kamar ba ya shiga. Tukunyar tana nan a lungu tana hucinta. Na kasa miƙewa. Da rarrafe na kai ga tabarmar, na kira Walida ba ta motsa ba, na ɗaga hannunta ya koma yaraf. Na ciji gefen tabarmar da haƙora, na ja ta da baya da baya har ƙofa, na fizge buhun, na banka ƙofar da kafaɗa muka zube a tsakar gida cikin ruwa.

Na girgiza ta, na hura mata fuska, na tara ta a ƙarƙashin indararo. Na kira sunan Allah duk wanda na sani. Can ta yi wata 'yar shaƙuwa, ta amayar da kunun da na ba ta, ta tsandara kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba. Na rungume ta a cikin taɓo, ita tana yi ina yi.

A haka Nafi'u ya turo ƙofar gida da babur, Basira a bayansa da lema. Basira ta yar da lemar ta yo kanmu. Shi kuwa ya tsaya, ruwa na zuba a kansa, ya dube ni a ƙasa da 'yarsa a ƙirjina, sannan idonsa ya wuce mu zuwa inda hasken nan ja-ja ke fitowa tsakar gida.

“Inna,” ya ce, “wa ya bar ƙofar a buɗe? Iskar za ta fita.”