Ɗan Rakiyar Manga

Sau biyu Manga yana zuwa asibitin ido, sau biyu yana dawowa ba a duba shi ba. Ba layi ne ya kore shi ba, mai ciwon suga ya saba da layi. Nas Cynthia ce ta faɗa masa ƙa'ida: kafin likita ya leƙa cikin ido sai an ɗiga magani, maganin kuwa yana dusashe gani har yamma.

"Baba, ba za ka tuƙa keke ba bayan an ɗiga. Ka zo da ɗan rakiya."

Keke Napep ɗin da yake ja na Alhaji Maishanu ne, kuma Alhaji ba zai bar kekensa a hannun mai hazo a ido ba. Ɗan rakiya kuwa da bakinsa yake zuwa. Matarsa, wadda za ta raka shi ba wanda ya ji, ta rasu bara. 'Ya'yansa suna Yola, suna yi masa sannu ta waya.

Sai ya sayi tabarau wajen mai talla. Rubutu ya ƙara girma, hazon ma haka.

Ranar da ya kusa take akuya a unguwar Sintali, yana zaton leda ce, ya nemi Tobias, abokin aikinsa, mutumin da ko atishawa ka yi sai duk tasha ta ji.

"Gobe za ka kai ni wani wuri. Amma ka riƙe bakinka."

"Asibitin ido?" in ji Tobias, yana goge madubi.

Manga ya waiga ya ga ko wani ya ji.

"Dattijo, duk tasha an sani. Kana zaton kyanka ne ya sa muke bar maka fasinjan unguwar Barade? Hanyar ce ka haddace."

"Alhaji fa?"

"Wa zai gaya masa? Mu ma ba keken ubanmu muke ja ba."

Washegari aka ɗiga maganin. Likita ya ce suga ya ci idon hagu, amma ana iya ceton ɗayan in bai fasa zuwa ba.

Manga ya zauna a kujerar baya ta kekensa, ya ja hula ya rufe ido saboda rana. Tobias ya tayar.

"Akwai rami a gaba," in ji Manga. "Bi a hankali, keken mutane ne."